Ba Inda Aku Za Ta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin daina hawa kujera kina share yanar gizo da kanki, ga yara cike da gida. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Kin ga na koma biro da takarda kamar mutanen da. Dalili kuwa, a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana. Ina cewa "Yaya, ai..." kin riga kin yanke hukunci. Takarda kuwa sai kin karanta ta ƙare kafin ki yi mini faɗa.

Na san Tafinta ya riga ni isowa wurinki. Wan mijin nawa ba ya bari labari ya huce. To ga nawa.

Kin san 'yata Aku, tunda ke kika raɗa mata sunan ranar da ta hana ki barcin rana da surutu. Har yau haka take a gida, bakinta ba ya hutawa sai in tana haɗiye abinci. Amma tunda muka iso ƙasar nan aka sa ta makaranta, ba ta taɓa buɗe baki a can ba. Da ta taka ƙofar sai ta ɗauke kamar an murɗe famfo. Ba ta kuka, ba ta rashin ji, tana kwafe duk abin da aka rubuta a allo. Amma ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai ta kama leƙen takalminta.

Kwanan baya shugabar makarantar ta aiko a je. Babanta yana hanya da babbar motarsa, kin san aikin nasu, sai ya daɗe bai kwana a gida ba. Sai Tafinta ya raka ni, tunda shi ne bakinmu a duk inda za mu, asibiti ne ko ofis. Aka ba ni wata kujera ta yara, gwiwoyina har ƙirji. Suka yi ta zuba Sifaniyanci, ni ina zaune kamar buhun da aka ajiye a manta. Matar tana magana tana duban fuskata, shi yana gyaɗa kai. Kalma ɗaya ce ta maƙale mini a kunne don ta yi ta maimaita ta, wai "dabariya". Na ce a raina, ko dabara ake nema?

Da muka fito ya ce, "Sun ce dole a cire ta. Dole a kai ta makarantar yara masu larurar ƙwaƙwalwa, can bayan gari." Na ce wace larura? Yarinyar da ta haddace lambar wayar kowa a gidan nan? Ya ce shi ba zai zuba ido a rubuta wa jininsu tawaya ba, gara a mayar da ita gida wurinki idan zango ya ƙare, akwai mai tafiya da zai riƙe ta. Kuma ya ce kin yarda.

Yaya, ke kika raine ni, ban taɓa ce miki a'a ba. Yau na ce. Ba na ɗauko 'yata na ƙetaro da ita duniya ba ne don in miƙa ta ga baƙo a filin jirgi kamar saƙo.

Na kuma yi wani abin da ba za ki so ba. Akwai ɗakin karatu a ƙarshen layinmu, ana koyar da baƙi Sifaniyanci da safe. Na shiga. Tafinta ya ce me zan yi da shi, ba ga shi ba? Ya ce mace da girmana in zauna aji ɗaya da maza ina ba-ba-ba. Na ce masa na gode da wahalar da yake yi mana, amma daga yau ina so in ji da kunnena abin da ake faɗa a kan 'yata.

Ki gaishe da maigidan da kyau. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata jiki ya yi sauƙi, kuma ruwan da kika ce ya shiga ɗakin baya an toshe shi. Saƙon muryarki ya iso. Na saurare shi har ƙarshe, na kuma ƙara saurare. Kin ce "dole" har na daina ƙirgawa. Dole in bi wan mijina, dole in daina taurin kai, dole in tuna shi ya kawo mu. To bari in ba ki labarin dole, don kuwa karatunta muke yi yanzu.

Malamarmu tsohuwa ce da ta yi ritaya, gashinta fari fat, tana zuwa a keke. Ajin kamar tasha. Akwai wani mai aski da ba ya rabuwa da dariya, da mai fenti da kullum farcensa da launi daban, da wasu mata 'yan uwa biyu da ke zuwa da jariri ɗaya suna karɓa-karɓa. Ba mai jin yaren wani, sai hannu da ido.

Makon nan Malama ta ce za ta koya mana yadda ake tilasta wa mutum. Ta rubuta "tengo que", wato dole in yi. "Tienes que", dole ka yi. Ta ce kowa ya faɗi nasa. Mai aski ya ce dole ya share gashin mutane. Ni na ce, "Tengo que cocinar," dole in yi girki. Na ƙara da wanki, da guga, da kai Aku makaranta, har Malama ta ɗaga hannu ta ce ya isa, in bar wa wasu.

Sai ta rubuta "hay que". Wannan dole ce marar mai ita, kamar mu ce "sai an share gidan nan", ba a ambaci sunan kowa ba. Na yi dariya ni kaɗai, don irin dolen Baban Aku ke nan. Zai tsaya a tsakar ɗaki ya ce sai an gyara tagar nan, ya sa takalmi ya fita. Ashe a kowane yare akwai ta. Akwai kuma "necesito", ina buƙata. Wannan ta fi yi mini daɗi a baki, don da ita mutum yake faɗin abin da shi yake so.

Daga nan ta juya ta rubuta wata, ta karanta da ƙarfi: "debería". Yaya, sai da biro ya faɗi daga hannuna. Dabariyata ce! Ita ce kalmar da shugabar makaranta ta yi ta nanatawa. Na ɗaga hannu na ce, "¿Debería... tiene que?" ina haɗa yatsuna biyu, wato ɗaya suke? Ta girgiza kai har gilashinta ya zame. Ta kama kunnen mai aski ta ja shi zuwa ƙofa, ta ce wannan "tienes que". Ta sake shi, ta dafa kafaɗarsa a hankali tana nuna masa ƙofar, ta ce wannan "deberías". Ɗaya tilas, ɗaya shawara. Da Hausa, ya kamata.

Bayan an tashi na tsaya. Da guntun kalmomina da zane a allo na ba ta labarin Aku. Ba ta yi mini romon baka ba. Ta ce shawarar shugaba tana da nauyi, kuma ita ba ta san abin da aka faɗa a ofishin ba tunda ba ta nan. Amma ta koya mini tambaya ɗaya, ta sa na yi ta maimaitawa har harshena ya daina harɗewa: "¿Es obligatorio?" Tilas ne?

Da aka tashi yara na tari malamar ajin Aku a bakin ƙofa, wata doguwa mai yawan murmushi. Na ambaci waccan makarantar na jefa mata tambayata. Ta dube ni da mamaki, don ba ta taɓa jin muryata ba, ina jin ta ɗauka a wurina Aku ta gaji shirun. Ta ce, "No, no. No es obligatorio." Ta ƙara da magana mai tsawo da ban kama ba, amma na ji "los padres", iyaye, tana nuna ni da yatsa.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ban gaya wa kowa ba tukuna sai ke. Kada ki kira Tafinta, na roƙe ki. Ni zan tare shi.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya baki ɗaya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, abubuwa ne suka taho a jere.

Na tari Tafinta a falonsa, matarsa tana zuba mana shayi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya dace, sannan na ce, "Yaya, matar nan ya kamata ta ce, ba dole ba." Ya ajiye kofi. Bai musa ba, wannan ne ya fi ba ni mamaki. Ya ce, "Ke yarinya ce. In mai mulki ya ce ya kamata, dole yake nufi. Ko a gida in babba ya ce miki ya kamata ki yi abu, shawara kike ɗaukarsa?" Ya ce ya daɗe a ƙasar nan, ya ga waɗanda suka yi gardama da hukuma aka sa musu ido, ana zuwa gidajensu ana buɗe musu firji. Ya ce shi rufin asirinmu yake nema.

Na yarda tsoro yake ji, ba mugunta ba ce. Amma na ce masa da ya faɗa mini abin da aka ce, sannan ya faɗi nasa ra'ayin, in san wanne ne wanne. Ya ce tunda na yi baki, in nemi wani tafintan. Na ce na samu, ni ce. Matarsa ta zubar da shayi a tire.

A daren ya kira ƙaninsa. Baban Aku ya kira ni daga wurin da suke hutawa, ina jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce don Allah in bi a hankali, gidan da muke ciki ma da sunan wan nasa aka kama. Na ce ko a ƙarƙashin motarka za mu kwana, da 'yata zan kwana.

Yanzu ga abin da ya faru a kicin. Aku tana da wani wasa da take yi kullum in ta dawo. Takan kwashe cokulana ta jera su a ƙasa, ta ɗauki ludayi ta tsaya a kansu tana wani yare. Ni duk a zatona kwaikwayo take, irin gwalan-gwalan ɗin yara. Ran nan ina yanka albasa sai kunnena ya kama. Ta ce wa wani cokali, "Tienes que sentarte," dole ka zauna. Ta ce wa sauran, "Hay que escuchar," sai an saurara. Ta ɗaga wani ƙaramin cokalin shayi ta ce masa da taushi, "No tienes que hablar." Ba dole ne ka yi magana ba.

Yaya, hawaye suka zubo mini, na fake da albasa. Ashe yarinyar nan ta kwashe yaren tas, har da muryar malamarsu. Watanni tana yi a gabana ban sani ba, don ni ce kurmar. Na zaro waya a ɓoye na ɗauke ta.

Na nemi a ba ni lokaci da shugaba, aka ba ni. Na kwana biyu ina haddar jimlolina a gaban madubi. Ranar ina isa sai ga Tafinta a bakin ofis cikin kwat, ban san wa ya gaya masa ba. Muka shiga tare. Ya buɗe baki zai fara, na ce, "Perdón. Tengo que hablar yo." A gafarce ni, ni ce dole in yi magana. Ban dubi inda yake ba, don in na duba ƙarfina zai ƙare.

Na ce, "Mi hija no tiene que irse." Ba dole ne 'yata ta tafi ba. Na ce, "Necesita tiempo." Lokaci take buƙata. Daga nan haddata ta ƙare, na koma kame-kame.

Shugabar ba mai sauƙi ba ce. Ta yi magana a hankali don in gane. Ta ce shekara ta kusa ƙarewa ba su ji ko kalma ɗaya ba, ba su da hanyar sanin abin da yarinyar ta fahimta, kuma a can akwai ƙwararru da ƙananan azuzuwa. Ta sake cewa "debería". Na ce, "¿Es obligatorio?" Ta ce a'a. Sai na ɗora wayata a kan teburinta.

Muryar Aku ta cika ofishin tana yi wa cokula faɗa. Malamar ajin, da take tsaye a jikin taga, ta toshe baki, don ta ji kanta sak, har da yadda take tafa hannu. Shugabar ta sa aka maimaita. Tafinta ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ban san me yake ji ba, har yau bai faɗa mini ba.

An tsaya a kan Aku za ta zauna a ajinta zuwa ƙarshen zango mai zuwa, wata likitar magana za ta riƙa zuwa tana zama da ita, sannan a sake dubawa. Ba su ce an gama ba. Ni ma ban ce na gama ba.

Mai tafiyar nan kuwa ya tafi abinsa, ba shi da kaya a wurina.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan, ina tambayar ƙafa da yara. Na ji saƙonki. Kin ce har yanzu ba ki ga dalilin da zan kunyata babba a gaban baƙi ba, amma kin ce in turo miki hoton cokulan. Na gane, wannan ce yardar taki, na karɓa.

Abin bai zo mini a sauƙaƙe ba. Malamar ajin, cikin murna, ta ce wa Aku ta ji yadda take koyar da cokula. Yarinyar ta dawo gida fuska a ɗaure. Ta kwashe cokulan ta zuba a aljihun tebur ta rufe, ta ce, "Kin nuna musu." Daga nan ta ɗauke mini wuta. Gidan ya yi tsit, Yaya, irin shirun da malamanta suka sha, sai da na ɗanɗana shi. In na tambaye ta abu sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Na zauna a bakin gadonta na ce mata gaskiyarta ne, sirrinta ne na ɗauka ban tambaye ta ba, ta yi haƙuri. Na kuma ce mata da za a mayar da ni ranar, zan sake, don da haka ne aka bar mini ita. Ta juya mini baya. Sai bayan kwanaki ta fara yi mini magana, da "ina safata" da "ba na son wannan".

Likitar maganar ta ce tsoro ne yake riƙe wa wasu yara murya a wajen gida, ba rashin hankali ba. Ta kafa mana doka, ni da malamar: kada a matsa mata, kada a roƙe ta, kuma ranar da ta yi magana kada kowa ya yi ihu ko ya tafa hannu, a wuce kamar ba a ji ba.

Tafinta ya daina zuwa gidanmu. Ya aiko cewa in wa'adin haya ya cika mu nemi wuri da sunanmu, tunda mun girma. Baban Aku ya dawo, ya zauna ya ji komai, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Sai an je an ba Yaya haƙuri." Na ce wa zai je? Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta. Mun je tare. Na gaishe shi, na gode masa da duk abin da ya yi mana, na ba shi haƙurin ɓacin ransa. Ya ce in ce na yi kuskure. Na ce wannan kam ba zan iya ba. Muka tashi a haka. Yanzu ni nake bin allunan gidajen haya ina karantawa, mai fentin ajinmu ma ya ce akwai wani da ya gama shafawa, hawa na uku, taga tana kallon makarantar.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro yau. Jiya na je ɗauko Aku, ina so in gaya wa malamarta gobe ba za ta zo da wuri ba, za mu je wurin likita a duba mata haƙori. Iyaye cike da bakin ƙofa. Na gyara murya na ce, "Mañana ella tiene que va al médico." Ina jin kaina kamar wata lauya.

Sai na ji an ja mini mayafi. Aku ce, ta ɓata fuska kamar na zubar mata da mutunci a gaban duniya. Ta ce, da ƙarfi, ba raɗa ba, "Ir, mamá. Tiene que ir." Wai ba "va" ake cewa a nan ba.

A cikin harabar makaranta, Yaya. A gaban malamarta.

Malamar ta ɗaga kai tana kallon sama kamar mai neman jirgi, idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa guɗa ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da ƙyar. Na ce, "Tiene que ir." Aku ta gyaɗa kai irin na malamai, ta kama hannuna muka fito. Ba ta ƙara cewa komai a can ba, yau ma malamar ta ce shiru ta yi. Ba komai. Na ji da kunnena.

A hanya ta ce mini, "Mama, in za ki yi magana a makarantarmu ki riƙa tambayata tukuna. Kina ba ni kunya."

Na ce to. Amma ke zan gaya wa gaskiya: gobe ma da kuskurena zan je, kuma babba zan zaɓa.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki har kullum,
Auta